Kafin Ka Sayi Akwatin Zuma, Nemi Ubangida

Da zarar hunturu ya kankama, itatuwa suka fara kakkaɓe ganye, mai bin hanyoyin karkara a ƙasar Hausa zai riƙa hango wasu dogayen kwanduna na ciyawa a maƙale can cikin rassan ɗorawa ko kuka. Amya ke nan. Wani ne ya zauna ya saƙa ta, ya yaɓe ta da kashin shanu, ya turara cikinta, ya hau da ita ya ɗaure a gwafar reshe, sa'an nan ya sauko ya bar wa Allah sauran. In an dace, kafin wata ya zagayo ƙudan zuma sun tare a ciki. Haka kakanni suka yi ta yi tun ba a san akwatin katako ba, kuma har gobe mafi yawan zumar da ake aunawa a kasuwannin ƙauye daga amya take fitowa, ko daga kogon itace.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne masu sha'awar sana'ar. Matashin da ya gama karatu yana zaman jiran aiki, ma'aikacin da ritaya ta gabato, ƙungiyar matan da ke neman ƙarin jari, duk sun ji cewa kiwon zuma ba ya cin fili, ba a sayen dusa, ba a kai garke daji, ga mai saye tun kafin a tace. Duk gaskiya ne. Ga kuma darajar da zuma ke da ita a wurinmu: sura guda a Alƙur'ani, Suratun Nahli, da sunan ƙudan zuma take, kuma da wuya ka sami gidan da ba a san zuma a matsayin magani ba. Hukumomi da ƙungiyoyin agaji su ma sun shigo. A 2018 Abuja ta karɓi baƙuncin baje kolin ApiExpo Africa, kuma a shekarar ce aka fara bikin Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya a ran 20 ga Mayu. Ana bita, ana raba akwatuna.

To amma zagaya bayan gidajen waɗanda aka raba wa. Sau da yawa za ka tarar da akwatin a jingine, gara ta cinye ƙafafunsa, ƙadangaru sun mai da shi nasu. Ba lalaci ba ne ya jawo haka. An tara mutane kwana biyu a zaure, an nuna musu hotuna, an ba kowa takardar shaida da akwati, aka sallame su ba tare da an haɗa su da mutum guda da zai raka su daji ba. Ni a ganina nan ne sana'ar ke mutuwa tun tana jaririya. Abu na farko da mai farawa ke buƙata ba katako ba ne, ubangida ne, wanda ƙudan yankinsa suka sha harbinsa har ya san halinsu.

Dalilin yana jikin ƙwaron kansa. Ƙudan zuman Afirka ta Yamma, wanda masana ke kira Apis mellifera adansonii, ba ɗabi'arsa ɗaya da na Turai da Amurka ba, alhali yawancin littattafai da bidiyoyin da matasa ke kallo a waya a kan na can aka yi su. Na can ya saba da lokacin sanyi mai tsawo, saboda haka yakan tara abinci ya zauna daram a gidansa. Mai kiwonsa kan buɗe akwati da rana tsaka, wani lokaci ba ko safar hannu. Namu kuwa mafaɗaci ne, yana fitowa da yawa, yana bin mutum da nisa. Sa'an nan ba ya jure wulaƙanci. Idan fure ya yanke, ko rana ta dame shi, ko tururuwa ta matsa masa, ko mai akwatin ya cika buɗe-buɗe, sai ya kwashe gaba ɗaya ya yi ƙaura, a wayi gari akwati wayam. Mutanen Barazil sun ga wannan hali da idonsu. A 1956 wani masani, Warwick Kerr, ya kai musu sarauniyoyin wani ɗan'uwan ƙudanmu daga kudanci da gabashin Afirka. Shekara ta zagayo wasu suka kuɓuce, jinsin ya bazu har ya isa Texas a 1990. Sai da masu kiwo a can suka sake koyon sana'arsu daga tushe, kaya da hayaki da wurin ajiye akwati duka, kafin suka ci moriyarsa. Abin da su suka koya da tsada, a ƙauyukanmu akwai dattawan da suka tashi da shi.

Akwai wani bambancin. A Amurka mai farawa kan yi odar ƙudan zuma da sarauniyarsu a kawo masa a kwali. Mu nan galibi tarko ake yi: a gyara gida, a sa masa ƙamshin da suke so, a ajiye a inda suke bi, a lokacin da suke tashi neman sabon mazauni. Wannan lokaci ba a rubuce yake a kalanda ba, a jikin itatuwa yake. A yawancin ƙasar Hausa ƙudan kan fara tarewa daga ƙarshen damina zuwa cikin hunturu, babban ɗiba kuma ya zo a bazara kafin ruwa ya sauka, bayan kaɗanya da ɗorawa da mangwaro da darbejiya sun yi fure. Gawo, da yake shi da rani yake ganye, yakan agaza musu lokacin da wasu itatuwan suka yi fayau. Amma wannan a dunƙule ke nan. Ma'aikaciyar zuma ba ta cika wuce kilomita 3 daga gida wajen neman abinci ba, don haka abin da ya shafi akwatinka shi ne abin da ke fure a wannan ɗan zagayen. Lissafin mai zuma a tsaunin Mambila ko Ngaundare ba zai yi wa mutumin Daura ko Maraɗi aiki ba. Kai, ko tsakanin fadama da tudu a gari ɗaya akan sami tazarar makonni. Shi ya sa nake cewa ubangidan ya zama wanda babur zai kai ka wurinsa da la'asar ka dawo bayan isha'i.

Masu koyarwar iri biyu ne, kuma kowanne da abin da ya rasa. Akwai dattijon amya, wanda ya gaji sana'ar. Shi ya san itacen da ƙudan ke so da wanda suke ƙi, ya san daren da ya kamata a hau, yana ɗaga amya ya gane nauyinta ko ta nuna, yana jin ƙugin cikinta ya san ko lafiya suke. Amma ɗibarsa ta dare ce, da wutar kara ko ta ciyawa. Ƙudan da yawa kan ƙone, a kwashe saƙar zuma da ta 'ya'ya a matse tare, zumar ta fito baƙa da ƙaurin hayaki, gidan kuma sau da yawa ya watse. Wani lokaci tartsatsin wutar ya tada gobarar daji. Akwai kuma mai akwatin zamani, wanda ya koya daga malaman gona ko wata ƙungiya. Shi ya san yadda ake ɗibar zuma a bar ƙudan da ransu, ya san tsabta, ya san ma'auni, amma ba lalle ne ya san dajin garinku kamar dattijon ba. Wanda ya sami mutum guda da ya haɗa biyun ya yi sa'a. Wanda bai samu ba ya riƙe dukansu, kada ya yarda ɗaya ya raina masa ɗaya.

Yaya ake gano su? Hanya mafi sauƙi ita ce bin zuma har inda ta fito. Je kasuwar ƙauye cikin bazara, ka bar mai jarkoki da kwalabe jere, wanda shekara duka ba ya rasa kaya, wannan ɗan sari ne. Nemi wanda ya zo da bokiti ɗaya ko ƙwarya, zumar da ragowar saƙa a ciki. Saya tukuna, sa'an nan ka tambayi garinsu. Mai unguwa da dagaci sun san duk mai amya a ƙasarsu, haka mafarauta da makiyaya da masu maganin gargajiya. Ta fuskar hukuma kuwa akwai sashen gona na ƙaramar hukuma, da malaman gona na hukumomin jiha irin su KNARDA a Kano, JARDA a Jigawa da KTARDA a Katsina, da cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da tarayyar ƙungiyoyin masu kiwon zuma ta ƙasa, FEBKAN. A Nijar a fara da ma'aikatan gandun daji da ƙungiyoyin manoma. A duk waɗannan wurare abin da za ka roƙa ba takarda ba ce, sunan mutum ne mai akwatuna a kusa da kai.

In an nuna maka shi, kada ka yi saurin miƙa wuya. Gani ya kori ji: ka nemi ya kai ka wurin akwatunansa, ka ƙirga nawa ne da ƙuda a ciki, nawa ne fanko. Ka duba ko an share ciyawar wurin, ko akwai ruwa. Ka lura ko yana barin wa ƙudan rabonsu bayan ɗiba. Ina jin tsoron mai koyarwar da maganarsa ta farko ita ce ka sayi akwati hamsin a hannunsa, da wanda ke lissafa maka miliyoyin da za ka samu a shekarar farko. Wanda ya san sana'ar yakan fara da ba ka labarin asara.

Shiga wurin dattijo kuma da ladabinsa. Wasu suna riƙe da haɗin turaren amyarsu a matsayin sirrin gida, ba za su buɗe wa baƙon da ya zo da littafi da biro ran farko ba. A je da ɗan goro, a gaisa, a sami wanda ya sani ya gabatar da kai. "Baba, so nake in riƙa bin ka ina riƙe maka igiya" ta fi buɗe ƙofa a kan jerin tambayoyi. Ka saƙa amya tare da shi, ka ɗauki kaya, ka tsaya a gindin itace ka karɓi bokiti. Kai ma kana da abin bayarwa: ragar fuska da gwangwanin hayaki. Dattijon da ya ga an ɗebi zuma da hayaki mai sanyi, ƙudan kuma sun kwana a gidansu, ba ya buƙatar dogon wa'azi. Batun lada a yi shi a fili tun farko, ko aiki ne, ko wani kaso na ɗibar farko. Idan kuma a gonar wani ko a itacen wani za a ajiye akwati, a yi maganar gaban shaida, domin a ƙasar Hausa sau da yawa mai gona daban, mai ɗorawar da ke cikinta daban.

Akwati biyu ko uku sun isa shekarar farko. Ɗaya ya yi kaɗan, don in ƙudan suka gudu ba ka da abin kwatantawa. Wanda na fi ba mai farawa shawara a kansa shi ne akwatin sanduna irin na Kenya: dogo ne, kusan mita guda, gefunansa a karkace, an jera sanduna a samansa, kowace sanda ƙudan su rataya saƙa ɗaya a jikinta. Kafintan gari zai iya yin sa, amma fa a tsaya masa a kan awo. Faɗin kowace sanda santimita 3.2 ne ga ƙudan Afirka. In ya ƙara ko ya rage don idonsa ya ga ya fi kyau, ƙudan za su gina saƙa a gicciye su haɗe sanduna uku ko huɗu, ba za ka iya ɗaga ko ɗaya ba sai ka yi ɓarna. Katakon ma ya zama busasshe, in ba haka ba hunturu ya lanƙwasa shi ya buɗe kafofi. Akwatin Langstroth mai firam, wanda wani Ba'amurke, Lorenzo Langstroth, ya yi wa rajista a 1852, ya fi ba da zuma a hannun ƙwararre, sai dai yana da tsada, yana son awo na milimita, yana kuma son injin tacewa. Wannan a bar shi sai an goge. Akwatin sanduna yana da wata fa'idar da ban so a manta: a kan ƙafa ake ɗora shi daidai ƙugu, ba hawan itace, don haka mata da dattawa suna iya riƙe shi da kansu.

Wurin ajiyewa shi ne inda idon ubangida ya fi amfani. Inuwa, ba ƙofar da ke fuskantar iskar hunturu, nesa da hanya da makaranta da gidaje. Nesa musamman da turken dabbobi, domin dabbar da ke ɗaure ba ta da hanyar gudu, kuma ƙuda na iya kashe jaki ko sa. A tsoma ƙafafun akwatin a gwangwanayen baƙin mai saboda cinnaka da kwarkwasa, ko a rataye shi da waya. A share ciyawar kewaye saboda gobara. A ajiye ruwa a kasko da 'yan duwatsu ko karare a ciki don su sami wurin sauka, in ba haka ba za su koma rijiyar unguwa, rigima ta tashi. A goga kakin zuma a ƙasan sanduna, a shafa ciyawar shayi mai ƙamshin lemo a cikin akwatin, ko a turara shi da haɗin dattijon in ya yarda ya bayar. Daga nan sai haƙuri. Wani akwatin mako biyu ya kama, wani ya shekara bai kama ba.

Ranar buɗewa ta farko kada ka je kai kaɗai. Da yamma liƙis ake zuwa, cikin tufafi masu haske da suka rufe jiki, ba turare, ba hayaniya. A tsaya ta bayan akwati, a busa hayaki kaɗan a ƙofa, a dakata. Totuwar masara, busasshen kashin shanu ko diddigar katako su ne abin hayaki. Leda da roba ba sa cikin lissafi. A nan za a nuna maka abin da hoto ba ya iya koyarwa sosai: saƙar da aka rufe da farin kaki ita ce zumar da ta nuna, mai rufi ruwan ƙasa 'ya'ya ne, ramuka masu launi-launi garin fure ne, ɗakin da ke reto a gefen saƙa mai siffar kwanson gyaɗa kuwa sabuwar sarauniya ake reno, alamar gidan na shirin rabuwa. Sarauniya guda ce a gida, kuma a lokacin yalwa tana iya saka ƙwai fiye da 1,000 a rana. Harbi kuwa ba makawa, zuma ga zaƙi ga harbi. A kankare ƙarin da farce maimakon a matse shi, a busa wa wurin hayaki, domin warinsa ne ke kiran sauran. Kumburi da raɗaɗi ba abin tsoro ba ne. Amma wanda harbi ya sa numfashinsa ya sarƙe, ko fuska da harshe suka kumbura, ko jiri ya ɗebe shi, asibiti za a nufa da shi nan take, kuma kada ya koma wurin ƙuda sai likita ya yarda. Wannan ma dalili ne na zuwa mutum biyu.

Wajen ɗiba, saƙar da akasarinta ke rufe ake yanka. Zumar da ta nuna ruwan cikinta bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Wadda aka ɗiba ɗanya takan yi kumfa ta yi tsami a jarka. Ba a taɓa saƙar 'ya'ya, kuma a bar musu abin da za su ci cikin damina. A farfasa saƙar a tace da ƙyalle mai tsabta, ba a ɗora ta a wuta, a bar ta 'yan kwanaki ta kwanta. Lita guda ta zuma kusan kilo 1.4 ce, yana da kyau mai sayarwa ya san haka kafin ya haɗu da mai sikeli. Kakin da ake zubarwa kuwa kuɗi ne. Ana narka shi a ruwan zafi a tace, dukawa da masu haɗa man shafawa suna saye, sauran ya zama tarkon baɗi. A kasuwar da sukari da aka dafa ya yi wa zuma kutse, kuma gwajin ashana da na ɗigawa a ruwa ba abin dogaro ba ne, mutane sun koma sayen zuma a hannun wanda suka sani. Sunan ubangidanka shi ne shaidarka ta farko, kafin ka kai ga kwalba mai tambari da lambar NAFDAC.

Akwai matsalolin da suka fi ƙarfin mutum ɗaya. Masu gawayi suna sare itatuwan da ƙudan ke ci. Rashin tsaro ya raba mutane da dazuzzuka irin su Rugu da Kamuku, ya tilasta a dawo da akwatuna kusa da gonaki, inda feshin maganin ƙwari ke jiransu, musamman a gonakin wake da auduga. Manomi bai cika sanin cewa kansa yake yi wa illa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan gonaki a Burkina Faso ya nuna cewa in aka hana ƙudan zuma da 'yan'uwansu kaiwa ga fure, amfanin auduga kan ragu da kimanin kashi 37 cikin 100, na riɗi da kashi 59. Roƙon da ake yi wa maƙwabci ba mai nauyi ba ne: ya yi feshi da yamma bayan ƙudan sun koma gida, ya kauce wa lokacin da fure ya buɗe sosai, ya kuma aiko da saƙo kwana guda kafin ya fara. Amma baƙon yaro ɗan birni ba shi zai faɗi wannan a ji ba. Dattijon da suke sallah a sahu ɗaya da manomin shi zai faɗa, haka kuma shi ne wanda ɓarawon zuma zai ji nauyin taɓa akwatin da ke ƙarƙashin kulawarsa.

Damina ita ce jarrabawar ƙarshe a shekarar farko. Abinci na raguwa, laima na shiga, ciyawa na tasowa ta zama wa tururuwa gada. A gyara rufi, a riƙa leƙa wurin duk mako ba tare da buɗe akwati ba, a kuma riƙe ɗan littafi ana rubuta ranar da kowane itace ya yi fure, ranar da ƙuda suka shiga, da ranar ɗiba. Idan biyu cikin uku suka kai kaka da ƙudansu, a ƙara huɗu ko biyar. Idan an tarar da fanko, kada a wanke akwatin tukuna. A kira ubangida a buɗe tare. Saƙa a bushe ƙayau ba ɗigon zuma, yunwa ce ta kore su. Zare-zare kamar yanar gizo-gizo da baƙin kashi a ƙasan akwati, tsutsar kaki ce ta ci ƙarfinsu. Saƙar da ta narke ta zube, rana ce, sai a sake wuri. Matattun ƙuda tuli a bakin ƙofa kuwa feshi ne, sai a bincika gonar da aka yi shi cikin makon.